Kakar da Ba a Buga Ko Wasa Ɗaya Ba: Korona da Gasar Zakarun Hokin Ƙanƙara ta Turai

A ranar 13 ga Oktoba, 2020, hukumar gudanarwar Champions Hockey League, wadda ake taƙaita sunanta da CHL, ta sanar da soke kakar wasa ta 2020 zuwa 2021 baki ɗaya. Ƙungiyoyi 32 ne suka cancanci shiga. An riga an jefa ƙuri'a, kowace ƙungiya ta san abokiyar karawarta, an kuma sa ranar farawa har sau uku. Duk da haka ba a kai ga buga ko wasa ɗaya ba.

Sanarwar ta zo ne makonni bakwai bayan Bayern Munich ta doke Paris Saint-Germain da ci ɗaya mai ban haushi a Lisbon, ta ɗauki kofin zakarun Turai na ƙwallon ƙafa. Makonni biyu kafin sanarwar kuma, ƙungiyar Tampa Bay Lightning ta ɗaga kofin Stanley a birnin Edmonton na Kanada, a wannan wasa dai na hokin ƙanƙara. Annobar ɗaya ce, shekarar ma ɗaya ce. Me ya sa waɗancan gasanni biyu suka kai gaci, ita kuwa CHL ta kasa ko tashi daga inda take?

Amsar tana cikin yadda aka gina gasar tun farko. Kusan duk abin da take rayuwa da shi na aro ne: 'yan wasan na ƙungiyoyi ne, ranakun wasan rara ce daga jadawalin gasannin cikin gida, hanyoyin tafiya kuma suna hannun gwamnatoci fiye da goma. Da annoba ta zo, kowane mai kaya ya karɓe kayansa.

Wasan da inda ake buga shi

Hokin ƙanƙara wasa ne na ƙasashen sanyi. Ana buga shi a kan daskararren ruwa a cikin rufaffen zaure, 'yan wasa suna zamiya a kan takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifai na baƙar roba mai tauri da sanduna masu lanƙwasa. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili, har da mai tsaron raga, kuma ana raba wasan kashi uku, kowane kashi minti 20. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya bai fita an canje shi ba. Don haka kowace ƙungiya takan zo da kimanin mutum 20, waɗanda ke zaune kafaɗa da kafaɗa a benci suna haki, suna jiran a sake tura su.

Wanda ya san yadda korona ke yaɗuwa zai ga matsalar nan take: rufaffen wuri, iska mai sanyi, mutane a cunkushe suna numfashi da ƙarfi. A cikin makon da aka soke gasar CHL, hukumar CDC mai kula da yaƙi da cututtuka a Amurka ta wallafa rahoto kan wani wasan hoki na nishaɗi da aka buga a jihar Florida ranar 16 ga Yuni, 2020. Cikin 'yan wasa 22 da suka shiga fili ran nan, 14 sun kwanta rashin lafiya a 'yan kwanakin da suka biyo baya, tare da ma'aikacin zauren guda ɗaya.

Sai dai wannan haɗari ya shafi kowace gasar hoki, har da waɗanda suka ci gaba da wasa. Abin da ya bambanta CHL yana cikin tarihinta.

Gasar da ta sha mutuwa

Turai ta daɗe tana neman gasar ƙungiyoyin hoki da za ta yi daidai da ta ƙwallon ƙafa, kuma ta daɗe tana kasawa. An fara da Kofin Turai a 1965, wanda CSKA Moscow, ƙungiyar rundunar sojan Tarayyar Sobiyet, ta mamaye har ta ci sau 20, ciki da sau 13 a jere daga 1978 zuwa 1990. Gasar da kowa ya san wanda zai ci ba ta cika zaure. A 1996 aka kawo European Hockey League, ta yi kaka huɗu ta rufe a shekarar 2000. Daga 2005 zuwa 2008 aka gwada wata gajeriyar gasa ta zakaru a birnin St. Petersburg, ƙungiyoyin Rasha suka lashe duka huɗun.

A 2008 hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta ƙaddamar da wata gasa mai suna Champions Hockey League, da tallafin kamfanin gas na Rasha, Gazprom. Kakar farko ta yi armashi: ZSC Lions ta birnin Zurich ta ba da mamaki, ta doke Metallurg Magnitogorsk ta Rasha a wasan ƙarshe a Janairun 2009. Amma tattalin arzikin duniya ya riga ya shiga mawuyacin hali, masu zuba kuɗi suka ja da baya, aka soke kaka ta biyu da niyyar za a dawo. Wannan gasa ba ta sake dawowa ba.

Waɗanda suka kafa CHL ta yanzu a 2014 sun ɗauki darasi daga wannan faɗuwa. Maimakon dogaro da attajiri ɗaya, suka mayar da gasar kamfani mai hedikwata a garin Zug na ƙasar Suwizalan, suka raba hannun jarinsa: ƙungiyoyi 26 da suka kafa ta suna da kashi 63 cikin 100, gasannin cikin gida na ƙasashe shida, wato Suwidin, Finlan, Jamhuriyar Cek, Jamus, Ostiriya da Suwizalan, suna da kashi 25, IIHF kuma kashi 12. Ƙungiyoyin gasar KHL ta Rasha, waɗanda suka fi kowa kuɗi a nahiyar, ba su shiga ba.

Tsarin ya yi aiki. An buga kaka shida a jere, Frölunda ta birnin Gothenburg na Suwidin ta ci huɗu daga ciki. Na huɗun ta ci shi ne ranar 4 ga Fabrairu, 2020, lokacin da ta doke Mountfield HK da ci 3 da 1 a garin Hradec Králové na Jamhuriyar Cek. Amma wannan tsari yana da wata ma'ana da ba ta fito fili ba sai a 2020: masu gasar su ne ƙungiyoyin da ke buga ta, kuma kowace daga cikinsu tana da wata gasar a gida wadda ita ce ke ciyar da ita.

Watanni bakwai ana ja da baya

Ranar 28 ga Fabrairu, 2020, gwamnatin Suwizalan ta haramta duk wani taron da ya wuce mutum 1,000. Ranar 10 ga Maris gasar Jamus ta soke sauran wasanninta, Suwizalan ta bi sahu bayan kwana biyu, kafin tsakiyar wata kuma sauran sun rufe. Ranar 21 ga Maris IIHF ta soke gasar cin kofin duniya da aka shirya yi a Zurich da Lausanne a watan Mayu.

A mafi yawan gasannin hokin Turai, zama a saman tebur ba ya ba ƙungiya kambu. Sai an gama wasannin tebur ake shiga zagayen fitar da gwani, wanda ya yi nasara a can shi ne zakara. Annobar ta faɗo ne daidai wannan gaɓa, saboda haka a duk ƙasashe shidan da suka kafa CHL babu wadda ta naɗa zakara a 2020. Gasar zakaru ta wayi gari ba zakaru, dole ta ɗauki ƙungiyoyinta daga yadda tebur ya tsaya. Masu bin gasar Firimiyar Nijeriya za su tuna irin wannan lissafi, domin a shekarar ne aka yi amfani da matsakaicin maki wajen fitar da wakilan ƙasar a gasannin Afirka, Plateau United tana kan gaba.

Da farko an tsara fara kakar CHL a farkon Satumba. A ƙarshen Afrilu aka ɗage zuwa 6 ga Oktoba, aka kuma yanke zagayen rukuni gaba ɗaya, aka mayar da gasar sili-ɗaya-ƙwale tun daga ƙungiyoyi 32, gida da waje. Manufar ita ce a rage tafiye-tafiye: rabin ƙungiyoyin za su fita bayan tafiya ɗaya tak. A watan Satumba aka sake ɗagewa zuwa 17 ga Nuwamba.

Kafin wannan rana ta zo, zagaye na biyu na annobar ya rufe Turai. Gasar Birtaniya ta riga ta dakatar da kakarta, don haka Cardiff Devils, wakiliyar ƙasar, ba ta da wasan gida da za ta riƙe 'yan wasa dominsa. Ƙungiyoyin Jamus ba su fara kakarsu ba, kuma ba za su fara ba sai 17 ga Disamba. A Jamhuriyar Cek gwamnati ta dakatar da wasanni daga 12 ga Oktoba. A Suwidin doka ba ta yarda a tara fiye da mutum 50 ba. Kowace ƙasa tana da jerin ƙasashen da take killace matafiyansu, kuma jerin yana canzawa mako-mako.

A duba abin da wannan ke nufi ga shugaban ƙungiya. Idan ya tura mutum 30 zuwa wata ƙasa ranar Talata, suka dawo aka killace su kwana goma ko sati biyu, zai rasa wasanni huɗu ko biyar na gasar gida, domin a hoki ana buga wasa biyu zuwa uku a mako. Idan kuma shi ne mai masaukin baƙi, zai kunna injinan daskarar da ƙanƙara da fitilu, ya biya ma'aikata, a zauren da ba kowa. Kuma shi ɗin ne, ko takwaransa, ke zaune a hukumar CHL yana da ƙuri'a. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Wa ke iya sayen katanga?

Waɗancan gasanni biyu da suka kammala a 2020 sun yi haka ne ta hanya ɗaya: sun kwashe 'yan wasa sun kai su wuri guda, sun kewaye su, sun hana kowa shiga. NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ta dakatar da wasa ranar 12 ga Maris, ta dawo ranar 1 ga Agusta da ƙungiyoyi 24 a killatattun sansanoni biyu, ɗaya a Toronto ɗaya a Edmonton. An kama otal-otal sukutum, ana gwada kowa kullum. An yi gwaji sama da 33,000 a cikin sansanonin ba a sami mai cutar ko ɗaya ba. Hukumar UEFA kuma ta tara ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a Lisbon, ta mayar da kowane karo wasa ɗaya, ta gama cikin kwana 12.

Irin wannan katanga kuɗi ne ke gina ta, kuma kuɗin daga talabijin yake fitowa. A wancan lokaci gasar zakarun ƙwallon ƙafa tana raba wa ƙungiyoyinta kusan yuro biliyan biyu a shekara, mafi yawa daga masu sayen haƙƙin nuna wasa. Gare ta, wasa a filin da ba 'yan kallo asara ce ƙarama idan aka kwatanta da rashin buga wasan. Kuɗin da CHL ke rabawa gaba ɗaya bai kai yuro miliyan biyar ba. Ƙungiyoyin hokin Turai suna rayuwa ne da tikiti, da abinci da abin sha da ake sayarwa a zaure, da kamfanonin gari masu sayen kujerun alfarma domin baƙinsu. Idan babu jama'a a zaure, duk wasan da aka buga ƙarin bashi ne.

Akwai kuma batun iko. NHL hukuma ɗaya ce da ta zauna da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ɗaya da gwamnatin Kanada, aka cimma matsaya. CHL ba ta da ikon umartar gasar Suwidin ko ta Finlan ta tsayar da jadawalinta na makonni domin a tara ƙungiyoyi a gari guda. NHL da UEFA ma saura suke ƙarasawa na kakar da aka riga aka ci rabinta. CHL kuwa sabuwar kaka za ta ɗauko daga tushe, a daidai lokacin da cutar ke sake hauhawa.

Seattle, 1919

Hokin ƙanƙara ya taɓa gwada ɗaya hanyar, wato a ci gaba da wasa har sai abin ya gagara. A watan Maris na 1919, lokacin da ake ganin babbar murar nan da ta kashe miliyoyin mutane a duniya ta fara lafawa, Montreal Canadiens ta Kanada ta tafi birnin Seattle na Amurka domin karawa da Seattle Metropolitans a kan kofin Stanley. Zakarun gasanni biyu ne daga ƙasashe biyu, kowace da dokokinta: a yamma ana buga wasa da mutum bakwai, a gabas da shida, don haka aka riƙa karɓa-karɓa. Seattle ita ce ƙungiyar Amurka ta farko da ta taɓa cin kofin, a 1917.

Seattle ta ci wasan farko 7 da 0, Montreal ta rama 4 da 2, kyaftin ɗinta Newsy Lalonde ne ya zura duka huɗun. Seattle ta sake ci 7 da 2. Wasa na huɗu ya tashi babu ci duk da ƙarin minti 20, 'yan wasa suna zubewa a kan ƙanƙara saboda gajiya. A na biyar Montreal ta farfaɗo daga baya ta ci 4 da 3 a ƙarin lokaci. Kowace ƙungiya tana da nasara biyu, saura wasa ɗaya na raba gardama, wanda aka sa ranar 1 ga Afrilu.

Sa'o'i kaɗan kafin wasan aka soke shi. Yawancin 'yan wasan Montreal suna kwance da zazzaɓi, wasu a asibiti wasu a otal, har da manajansu George Kennedy. Kennedy ya nemi a ba shi aron 'yan wasa daga ƙungiyar Victoria, aka ƙi. Ya ce to a bai wa Seattle kofin, kocinta Pete Muldoon ya ƙi karɓar kofin da cuta ta ba shi. Ranar 5 ga Afrilu, Joe Hall, ɗan wasan baya na Montreal mai shekara 37, ya rasu a Seattle sakamakon ciwon huhu da murar ta jawo. Kennedy bai sake samun cikakkiyar lafiya ba, ya rasu a 1921. A jikin kofin Stanley, a gurbin 1919, an zana sunayen ƙungiyoyin biyu tare da bayanin cewa ba a kammala karawar ba.

A 1919 an tsaya ne bayan an rasa masu iya tsayuwa a kan ƙanƙara. A 2020 an tsaya makonni biyar kafin ranar wasan farko, da lissafi a kan takarda. Ana iya cewa lissafin kuɗi ya yi tasiri a shawarar kamar yadda lissafin lafiya ya yi, kuma gaskiya ne. Amma a wannan karo lissafin biyu sun nuna hanya ɗaya.

Kofin likitan huhu

CHL ba ita kaɗai ta tsaya ba. IIHF ta soke Continental Cup, gasar ƙungiyoyin ƙasashen da hokinsu bai kai na manya ba. Sai kuma kofin Spengler, wanda ake bugawa a garin Davos na Suwizalan daga 26 zuwa 31 ga Disambar kowace shekara, kuma ake ɗauka a matsayin gasar gayyata ta ƙungiyoyin hoki mafi daɗewa a duniya.

Kafin Davos ya zama wurin taron attajirai da shugabanni, gari ne na masu jinyar tarin fuka, waɗanda ake kaiwa can domin iskar tsaunuka. Dokta Alexander Spengler ne ya fara wannan jinya a garin, ɗansa Dokta Carl Spengler kuma ya yi suna a binciken cutar. Carl ne ya ba da kofin a 1923, da nufin sake haɗa matasan ƙasashen da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba, a lokacin da ake ƙaurace wa ƙungiyoyin Jamus. Jami'ar Oxford ce ta fara cin sa. Daga nan har zuwa 2019, sau huɗu kawai aka tsallake shekara: 1939, 1940, 1949 da 1956.

A ƙarshen Satumban 2020 aka soke shi saboda cutar huhu. A 2021 aka yi niyyar dawowa, aka sayar da tikiti, baƙi suka fara isowa. Ranar 25 ga Disamba, ana gobe za a fara, cutar ta ɓulla a cikin 'yan wasan HC Davos mai masaukin baƙi, hukumomin yankin suka janye izini. Sokewar ranar jajibiri ta nuna abin da CHL ta kauce wa da ta yanke hukunci da wuri: an riga an kashe kuɗin shiri, ba a kuma sami wasan ba.

Abin da ya rage

Tambayar da ta rataya a kan CHL a Oktoban 2020 ita ce ta 2009: gasar da ta tsallake kaka ɗaya, za ta dawo? A wannan karo ta dawo. An buɗe sabuwar kaka a ƙarshen Agustan 2021 da ƙungiyoyi 32 da zagayen rukuni kamar da. Cardiff Devils ta sami gurbinta, haka ma SønderjyskE ta Denmak, wadda ta ci Continental Cup a Janairun 2020 ta jira fiye da shekara ɗaya da rabi kafin ta ci moriyar nasararta. Ranar 1 ga Maris, 2022, Rögle ta Suwidin, a shigarta ta farko, ta doke Tappara ta Finlan da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin.

Abin da ya hana gasar motsi a 2020 shi ne kuma ya raya ta. Gasar 2008 mallakar mai kuɗi ce, da ya tafi ta mutu. Ta 2014 mallakar ƙungiyoyi ce, waɗanda suka ajiye ta gefe domin su ceci gidajensu, da ƙura ta lafa kuma suka ɗauko abinsu. Daga kakar 2023 zuwa 2024 sun rage ta zuwa ƙungiyoyi 24. A 2025 ZSC Lions ta ci kofin, shekara 16 bayan ta ci na gasar farko da ba ta ga kaka ta biyu ba. A jerin zakarun CHL, tsakanin Frölunda ta 2020 da Rögle ta 2022, gurbin 2021 yana nan babu suna.